Jan laka a tankin burtsatse, ga masu fasa batir a bayan katanga

Mai Ruwa Agege: Salamu alaikum. Ina da burtsatse, 'yan garuwa nake sayar wa ruwa. Yana fitowa garau, amma in ya kwana a tanki sai ya yi ja, laka ta kwanta. Bayan katangarmu 'yan gwangwan ne ke fasa tsofaffin batira, tun kafin a haƙa muke rigimar kwata da su, har gaban mai unguwa mun je. An gwada ruwan saman tanki, ba dalma. Da ruwan batir nake wanke lakar, nan take take narkewa. Da matsala?

Injiniya: Alhaji, ka daina yau. Ƙarfe ne narke a ruwan ƙasa. Da ya sha iska sai ya zama tsatsa mai laushi, ita ke kama dalma da arsenik (wani sinadari mai guba) ta kwanta da su. Shi ya sa saman tankin ya fito fes. Asid ɗin ruwan batir na narkar da ita, ta saki duk abin da ta riƙe. Ɗebi ruwa a bakin bututu kafin tanki, kwalba 2 don gwaji: ɗaya a tace da matata mai ƙananan huji sosai (maikron 0.45), ɗaya haka nan, domin ƙananan ƙwayoyin tsatsa na tafiya da dalma a jikinsu. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ga dalma da arsenik a ruwan sha 0.01 mg ce a lita, kowanne.

Hajiya Mile 12: Laifin masu haƙa ne, ba sa zuba siminti a wuyan bututu, ruwan kwata ya bi gefe ya gangara. Ka kwashe lakar ka binne, ka zuba farar ƙasa a tanki.

Injiniya: Hajiya, banda binnewa, balle kusa da salga. Ƙazanta na cinye iskar ƙasa, ƙwayoyin cuta su koma kan tsatsar su narkar da ita. Haka arsenik ya shiga rijiyoyin Bangladesh. Farar ƙasa kuwa tana taimakon kamun dalma, amma in pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya haura 8.5 arsenik ne ke suɓucewa. A bar ruwan ya sha iska, ya bi ta yashi, a busar da lakar a durom mai murfi.

Hajiya Mile 12: Wa zai ajiye durom na laka a Legas?

Mai Ruwa Agege: Ai ina ɗauraye tankin sosai bayan asid ɗin, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Kuɗin gwaji biyu ba wasa ba ne.

Injiniya: Ruwan ɗaurayar, ina yake zuwa? Kuma zurfin burtsatsen nawa ne?