Ɗana ya fara jin kunyar gidanmu, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyaye da malamai. Ɗana na fari yana da shekara 16, yana ajin ƙarshe na koleji a nan Maradi, bana zai rubuta BEPC, jarrabawar gama koleji. Tun bara ya canza mana. Ya raɗa wa kansa wani suna a TikTok, abokansa ba su kiransa da sunan da muka yanka masa rago da shi. In ka yi masa Hausa sai ya mayar da Faransanci, alhali a 2025 gwamnati ta mai da Hausa harshen ƙasa.

Abin da ya fi ci min rai, mu Gobirawan Tibiri ne, ina da zanen Gobir a fuskata. Ya ce wa uwarsa kar in riƙa zuwa ɗaukarsa a lakwal, wai yara na yi masa dariya. Kakarsa ma ya daina zuwa gaishe ta.

Sallah dai bai bari ba, Islamiyya yana zuwa, karatunsa kuma bai ja baya ba. Shi ya sa na rasa inda zan kama. Na yi faɗa, na karɓe wayar, sai ya ƙara yin shiru. Ƙanena na cewa in kai shi wurinsa Katsina, ni kuwa ina tsoron ya ɗauka korarsa na yi.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansa, yaya ya yi? In ƙyale shi, ko akwai hanyar jawo shi hira ba tare da ya ga titsiye ne ba?