Bakin mai na Mustang: in bi littafi ko in bi makanike?

Abban Tarauni: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Wata uku ke nan da na karɓi Mustang GT ta 2016 mai injin 5.0, daga Amurka ta zo. A murfin wurin zuba mai an rubuta 5W-20, littafinta ma haka ya ce, kuma tana shan lita 7.6. Makanikena kuwa ya rantse wannan man ruwa ne, ba zai jure zafin Kano ba, wai in zuba 20W-50 in yi barci da minshari. Na biyu, allon motar bai nemi juye ba tukuna, shi kuma ya ce duk wata biyu. Zirga-zirgata daga Tarauni zuwa Kwari ce, sai Lahadi in hau titin Zariya in ɗan buɗe mata wuta. Wanda ya taɓa riƙe irinta don Allah ya faɗa min abin da ya gani.

Mai Golf: Allah ya sanya alheri, ya tsare. Ni 20W-50 nake zuba wa Golf ɗina shekara shida, ko tari bai taɓa yi ba.

Ɗan Fagge: Malam, ana maganar doki kana kawo jaki.

Baban Hanifa: Ƙanena, bar batun lamba tukuna, ka fara tambayar a ina za ka saya. Bara ana saura kwana huɗu Babbar Sallah na aiki yaron gareji ya sayo min galan biyu don BMW ɗina. Galan ya zo fes, murfi a liƙe, rubutu tsaf. Aka juye, na biya, na yi godiya. Ranar hawan Nassarawa na ɗauki iyali za mu Kaduna, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai alamar butar nan ja ta kama a allo. Kafin in sami wurin tsayawa na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Injin ya buga. Maiɗakina da yara uku a gefen titi cikin rana, ƙaramar tana kuka, har muka sami mai janwe. Da aka buɗe injin, abin da ke ciki ya daskare baƙi ƙirin kamar kwalta, da cokali yaron yake kankarowa. Ashe tsohon mai ne aka tace aka ɗura a galan na asali. Wata biyar motar tana zaune kafin in haɗa kuɗin wani injin a Ƙofar Ruwa. Da na koma shagon, mutumin ya dube ni ya ce shi ma haka aka kawo masa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don ba kuɗin ne kaɗai ba, da a tsakiyar titi ta tsaya da tirela a bayanmu fa?

Hajiya Mai Lalle: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa Alhaji. Nawa ka sayi galan ɗin?

Baban Hanifa: Dubu 28 kowanne, Hajiya. Na ma ji daɗi a lokacin wai na sami sauƙi.

Ɗan Fagge: Ai tun nan ya kamata ka tsargu. Araha ba ta ado. Watan jiya dubu 65 na sayi mai lita 5.

Mai Golf: Dubu 65? Yankan rago aka yi maka. Dubu 42 na ga irinsa a Sabon Gari da idona.

Ɗan Fagge: To ka saya ka zuba, sai mu haɗu a Kwanar Ɗangora.

Injiniya Hotoro: Abba, bari in koma kan tambayarka. Shekara uku na riƙe irin motarka kafin in sayar. Lambar farko mai W tana nuna yadda man yake gudu in injin ya kwana ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in ya ɗau zafi, a ma'aunin digiri 100 ake gwada shi. Injin mai lafiya da kansa yake tsare zafinsa kusa da haka, ko a Kano yake ko a Amurka, kuma Amurkan ma akwai jihohi irin Arizona da zafinsu ya kai namu na watan Afrilu. Wannan injin da mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu 'yan hanyoyi sirara. In ka zuba mai kauri, da asubar hunturu sai ya ɗau lokaci kafin ya hau sama, a nan ƙarfe yake cin ƙarfe. Ni 5W-20 na sintetik zalla, wato man da aka haɗa da sinadarai, na riƙa zubawa. Batun juye kuma, ka lura agogonka da mil yake ƙirga. Mil 10,000 da ake faɗa kilomita 16,000 ne, kuma ba da ƙurarmu aka yi wannan lissafin ba. Littafin ya ware masu tuƙi cikin ƙura: mil 5,000 ko wata shida. Ƙara da tsayuwar da kake yi a cunkoson Kwari injin yana aiki agogo ba ya motsi. Ka riƙa sauya filta duk juye, ka duba filtar iska in hunturu ya shigo.

Oga Na Ƙofar Ruwa: Injiniya, da girmanka, littafi daban gareji daban. Shekara 26 hannuna yana cikin bakin mai. Motar da ta zo daga waje ba ka san wahalar da ta sha ba, agogon ma sau da yawa an mayar da shi baya. In injin ya saki, man ruwa ƙonewa yake yi, ka duba sanda ka ga ya sauka. Na sha gani.

Injiniya Hotoro: Gaskiya ne Oga, amma sai a gwada a ga yana shan mai tukuna. Ko an hau sama ma 5W-30 ne, ba tsalle zuwa 20W-50 ba. Wancan na zamanin Peugeot 504 ne.

Oga Na Ƙofar Ruwa: 504 ɗin da kake rainawa har yau tana ɗaukar buhun masara daga Dawanau. In injin ya buga wurinmu ake kawowa, ba wurin littafi ba.

Hajiya Mai Lalle: Ku yi haƙuri mana, yaro ya zo neman shawara kun mai da abin dambe. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ragowar mai. Motata lita 4 da ɗan kai take sha, ina sayen mai lita 5, amma ban taɓa ganin saura ba. In na tambaya sai a ce duk ta shanye.

Baban Hanifa: Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ragowar ma da sauƙi, galan ɗin da babu komai shi ne abin nema, shi ake sayarwa masu ɗura jabu. Yanzu kujera nake ja in zauna, a fasa murfi a gabana, a juye a gabana, in sa wuƙa in huda galan kafin in tashi.

Ɗan Fagge: Ni indomin salansata, wato abin nan mai tace hayaƙi a ciki, aka cire a wani gareji. Gyaran burki kawai na kai. Da na tayar da ita washegari sai ƙara kamar janareto, ga warin hayaƙi har cikin mota. Abba, indomin motarka yana da tsada sosai, kar ka yarda ta kwana a hannun kowa.

Oga Na Ƙofar Ruwa: Kar ku yi mana kuɗin goro. Akwai ɓata-gari, amma akwai masu mota da suke shekara ba su biya kuɗin aiki ba, wannan ba ku faɗa.

Mai Golf: Nawa ake sayen indomin yanzu? Tambaya kawai nake.

Abban Tarauni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na leƙa ƙarƙashinta yanzu da fitilar waya, kamar akwai alamar walda a jikin salansar, ban sani ba ko daga can ta zo da shi. Injiniya, 5W-20 ɗin a ina kake samun na gaske a garin nan? Shago uku na shiga yau, duk 5W-30 suka miƙo min.

Ɗan Fagge: Walda? Ɗauko hoton wurin mu gani.