Neman shawara kan gashi da na'ura ga mai ciwon dajin hanyar matsarmama

Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Daura ne game da mahaifinmu, wanda likitoci suka tabbatar yana da ciwon daji a hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji. Sun ce ba za a iya yi masa tiyata ba, domin ƙarin ya kama manyan jijiyoyin jini a bakin hanta.

An sanya masa ɗan bututu a wurin da ya toshe, kuma alhamdulillahi shawarar da ta rina masa ido da ƙaiƙayin da ke hana shi barci sun ragu. Yanzu yana karɓar magungunan ciwon daji, gemcitabine da cisplatin.

Inda muka tsaya shi ne maganar gashi da na'ura, wato haska ƙarin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji (radiotherapy). Wani likita ya ba da shawarar a yi shi a ƙananan kashi kullum na kimanin makonni biyar, wani kuma ya ambaci SBRT, wato gashi mai ƙarfi da ake saitawa daidai kan ƙarin a zama uku zuwa biyar, amma ya gargaɗe mu cewa farkon ƙaramin hanji yana dab da wurin, kuma gashin na iya jawo masa gyambo ko zubar jini. Mun fahimci cewa manufar ita ce a tsayar da girman ƙarin, ba a warkar da shi ba, kuma Baba ya rame sosai.

Likitocin da ke wannan fanni, da waɗanda suka yi jinyar irin wannan, don Allah wanne ya fi dacewa da dattijo mai rauni? Shin bututun ƙarfe da ake sanyawa a wurin da ya toshe yana hana gashi? Kuma za a iya yin SBRT a Katsina ko Shika, ko sai mun kai shi Abuja?