Yarana sun haddace rabe-raben adabi amma ba sa gane su a takarda

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, dan Allah shawara nake nema. 'Yan aji huɗu nake koyarwa, wannan zangon muka shiga rabe-raben adabi, na rubuta musu a allo zube kaza ne, waƙa kaza ce, wasan kwaikwayo kaza ne, sun haddace tsaf, kana tambaya su zubo maka ba gargada. To jiya na raba musu takarda mai baiti uku na waƙa na ce wannan mene ne, kusan rabin ajin suka ce labari ne, wai don akwai wani yaro da akuyarsa a ciki. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ina na kuskure?

Tsohon Tica:
Wa alaikumus salam malama. Ba ki kuskure da yawa ba, kin dai fara da ma'ana ne kafin yaran su ga abin da idonsu. Ni yadda nake yi, shafi uku nake ɗagawa daga gaban aji, nesa yadda ba za su iya karantawa ba, in ce ku faɗa min me kuka gani. Da kansu za su ce wannan rubutun ya cika shafi daga gefe zuwa gefe, wancan layukansa gajeru ne an tara su rukuni-rukuni da fili a tsakani, na ukun kuma akwai sunaye jere a gefen hagu kowanne da maganarsa a gaba. Sai sun faɗa da bakinsu sannan nake ba su sunan: sakin layi na zube, baiti da ɗango na waƙa, sunan ɗan wasa da jawabinsa na wasan kwaikwayo, da ɗan umarnin da ake sawa cikin baka, kamar ya shigo a fusace ko ta juya baya. Kwana biyu kina haka za ki ga canji.

Mai Jan Biro:
Baba Tsohon Tica na yarda da kai amma rabi. Ido kaɗai yana yaudara, in ka ɗauki waƙa ka rubuta ta a jere kamar zube shi kenan ka kayar da su duka. Dole a haɗa da kunne. Malama ki rera musu baitin nan su dinga tafi, za su ji karin yana dawowa daidai, sannan ki ce su nemo sautin da ƙarshen layukan ke faɗawa a kai, wato amsa-amo kenan. Bayan haka ki karanta sakin layi ɗaya na zube ki ce su yi tafin, za su rikice su fashe da dariya, kuma wannan rikicewar ita ce darasin.

Wani abu kuma, yaranki fa ba su yi ƙarya ba da suka ce akwai labari, waƙa ai tana ba da labari, wasa ma haka. Abin da ba su gane ba shi ne labari ɗaya yana iya sa riga uku. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a zube ya fito a 1934, daga baya aka mai da shi wasan kwaikwayo, har fim aka yi. Don haka ki ɗauki labarin yaron da akuyar nan ki raba aji gida uku, waɗannan su rubuta shi a zube, waɗannan su yi masa baiti biyu ko da amsa-amon ya ɗan karkace, na ƙarshe su fito gaban aji su yi wasan. Ajin zai yi hayaniya ranar kam, ki sanar da maƙwabcin ajinki tun da wuri.

Ummu Tagwaye:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma inda na ga nawa suna tuntuɓe shi ne cikin zuben kansa. Tatsuniya ba ta ba su wahala, da sun ji ga ta nan ga ta nanku, ko Gizo ya fito, ko dabba ta yi magana, sun gane. Matsalar ƙagaggen labari ne da labarin gaskiya, duk abin da mutane ne a ciki sai su ce ya faru. Tambaya biyu nake musu daban-daban, zai iya faruwa? sannan ya faru ɗin? kuma me ya nuna maka, akwai shekara, akwai sunan wurin da za a iya bincikawa?

Malamar Aji Huɗu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Litinin zan gwada na raba aji ukun. Mai Jan Biro, su zaɓi rukunin da kansu ko ni zan raba? Don na san halinsu, kowa wasan zai ce yana so.