Wane Ne Gwarzon Fanfalakin Amurka?

Baba Ilu:
Salamu alaikum. Na buɗe da ƙwar biyu, mai ja ya zo da baitinsa.

Ku zo mu auna mazan gudun fanfalaki, na kilomita 42, na Amurka,
Ni dai Clarence DeMar na riƙe, ba zan saki ba.

Sau bakwai ya ci gasar birnin Boston, farawa daga 1911,
Har yau mai gudu bai zo ya kamo shi ba.

Ma'aikacin ɗab'i ne, hannu duk tawada,
Ladan cin Boston ko sisi bai karɓa ba.

Na ƙarshe a 1930, yana ɗan shekara 41,
Tsufa ya yi sallama, ƙafa ba ta amsa ba.

Malam Sabo:
Baba, da girmanka zan ɗan ja igiya,
Cin Boston daban, daban cin duniya.
Frank Shorter a Olamfik ta Munich ya ɗau zinariya,
A 1972, garin haihuwarsa, ba tankiya.
Wani ɗalibi ya kutso fili da kayan ƙarya,
Ya kwashe tafin da ya dace da mai gaskiya.
Shorter ya shigo cikin ihu, bai gane ba, bai tsaya,
Daga nan titunan Amurka suka cika da gudun safiya.

Ɗan Auta:
Kawu Sabo, Bill Rodgers fa, kun manta da shi kuwa?
Boston huɗu, New York huɗu, takwas ba ragowa.
A Boston ta 1975 ya tsaya ɗaure takalmi, ya tsaya shan ruwa,
Duk da haka ya ci, 2:09:55 agogo ya nuna wa kowa.

Hajiya Ladi:
Maza kun yi ta lissafi, ba wanda ya ambace ta,
Joan Benoit, 'yar jihar Maine, ku miƙe ku gaishe ta.
An daɗe ana cewa kilomita 42 ya fi ƙarfin mata,
Sai a 1984 Olamfik ta Los Angeles ta buɗe musu ƙofarta.
Saura kwana 17 gasar tantancewa aka yi aiki a gwiwarta,
Ta tashi ta shiga ta ci, ciwo ya kasa kayar da ita.
A Los Angeles tun da wuri ta ɓalle, ta yi gaba abinta,
Su Grete Waitz 'yar Norway na jiran ta gaji, sai hangen bayanta.
Ta shigo fili ita kaɗai, tana kaɗa farar hularta.
Ku kawo namijin da ya ɗau kaya irin nata.

Garba Direba:
Hajiya, kin ɗaure mu, amma ga nawa, ku ji shi:
Meb Keflezighi, a Asmara aka haife shi,
Yaƙi ya taso iyayensa, San Diego ta raine shi.
Azurfar Olamfik ta Atens a 2004, New York a 2009, duk nashi.
Shekara guda bayan bam ɗin Boston, a 2014, ga shi,
Sunayen mamata a takardar ƙirji, ya hana a kamo shi.
Na ajiye mota na kalla, wallahi na yi hawaye dominshi.

Baba Ilu:
Ladi 'yata, baitinki ya shige ni,
A mata na sallama, ba zan yi musu ba.

Garba, wanda ya ɗauki matattu a ƙirjinsa,
Ba ni ne zan rage masa daraja ba.

Sai dai DeMar likita ya ce zuciyarsa da matsala,
Ya jingine gasa shekaru, bai haƙura ba.

Da ya rasu a 1958 likitoci suka duba zuciyar,
Jijiyoyinta sun ninka na mutane faɗi, ba su tsuke ba.