Don Allah a taimaka: kwamfutar shago tana tashi amma allo baƙi ƙirin

Baban Walid (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin kwamfuta ku taimaka min don Allah, jiya ko runtsawa ban yi ba.

Ina aiki a wani shagon kago nan Jidda, muna tura wa mutane kaya Kano da Yamai. Shekara shida ke nan ina tare da Alhajin da ke da wurin, tun muna Gulail kafin rusau ɗin 2022 ya tashe mu muka dawo inda muke yanzu. Alhaji mutumin kirki ne, shi ya tsaya min a kan maganar iƙamata, amma ba ya son a taɓa masa kaya, ko kujera ka gusar sai ya tambayi dalili. Yanzu yana Kano bikin 'yarsa, ranar Alhamis zai sauka. Kwamfutar irin ta tebur ce, akwati daban allo daban, a haraj, kasuwar gwanjo, ya saye ta tun kafin korona. Duk lissafinmu yana ciki: sunan mai kaya, kilo nawa, wa ya biya, wa ya ci bashi. Rubutun littafi mun daina tun bara, ni ma na ba shi shawarar a daina, abin da ya fi damuna ke nan.

Shekaranjiya mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fara ɗigar da ruwa daidai kan teburin, sai na ɗauke ta na mai da ita ɗaya ɓangaren shagon. Na jona komai na kunna. Fanka tana juyawa, fitilar gaban akwatin ta kama, amma allo ya nuna rubutun nan na ba sigina, can sai ya yi baƙi, 'yar fitilarsa ta koma ruwan lemo. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Jiya wata Hajiya ta taso tun daga Makka tana son a duba mata ragowar kuɗinta, na ce mata wuta ce ta sami matsala, ta kalli fitilun shagon ta kalle ni. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Me zan yi kafin Alhamis?

Ɗan Misfala:
Wa alaikumus salam. Kawu, fara da mai sauƙi. Leƙa bayan akwatin, wuraren jona allo nawa ka gani? Wasu suna da biyu: ɗaya a sama kusa da inda ake saka USB, ɗaya can ƙasa a kwance. In akwai na ƙasan, katin hoto ne daban, kuma shi za ka jona wa, na saman yawanci ba ya ba da komai in katin yana ciki. Mutum ya ɗauke kwamfuta ya mayar, nan ake yawan yin kuskure.

Injiniya:
Ku bar wahalar da bawan Allah. Ram ce, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, tun ina Kaduna kafin in zo Riyad, in aka kawo min goma masu irin wannan ciwon kafin in buɗe na san abin da zan gani. Ka ɗauki akwati ka jijjiga, ram ta ɗan ɗaga daga mazauninta, shi ke nan. Zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 don ragowar wutar ta fita, buɗe murfin gefe. Za ka ga wasu dogayen sanduna a tsaye, kowace da maɗauri a bakinta. Danna maɗaurin, zare ta, ka sa magogin fensir ka goge haƙoran nan masu ruwan zinare, ka hure, ka mayar har sai ka ji ta ce ƙas. In biyu ne, gwada ɗaya ɗaya. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Halas, ka dawo ka yi min addu'a.

Baban Walid (Jidda):
Na gode ƙwarai. Ɗan Misfala, inda take da can na mayar da ita, ni ba yaro ba ne, shuɗiyar waya ce mai ƙusoshi biyu da ake murɗawa, ai ba ta shiga ko'ina sai wurinta. Injiniya, buɗewar nan ce nake tsoro, in wani abu ya karye a hannuna fa?

Ɗan Misfala:
Kawu ban ce kai yaro ba ne, Allah ya huci zuciyarka. VGA ke nan, kuma akwai akwatin da ke da ramin VGA biyu, sama da ƙasa. Ɗauko mana hoton bayan. Sannan ka zare wayar ka haska bakinta da fitilar waya, allurai ne sirara a jere sahu uku, ko ɗaya ta lanƙwashe tana iya ɓata hoto.

Maman Hanan (Madina):
Malam ni dai shawarata kada ka kai ta wurin mai gyara kai kaɗai. Ta maigidana haka ta yi bara, muka kai wa wani, ya riƙe ta kwana tara, kullum gobe gobe, ƙarshe ya ce bod, babban faifan da ake jona komai a kai, ya ƙone a kawo riyal 400. Muka biya. Da ta dawo ram ɗin da take 16 ta koma 8, hotunan sunan Hanan duk babu, wai ya yi fomat don ta yi sauri. Wa ya aike shi? Kuma ɗan garinmu ne, da Hausa muka yi ciniki, har ruwa ya ba mu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Injiniya:
Hajiya a yi haƙuri, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku ma masu kaya kuna da naku, mutum ya gama jagwalgwala na'ura a gida sannan ya kawo maka ya rantse ko taɓa ta bai yi ba. Baban Walid, ka buɗe ko ba ka buɗe ba?

Na Mai Wurno:
Salamu alaikum. Kafin a kai ga ram, wane soket ka jona a sabon wurin? Tsofaffin gine-ginen Jidda da Makka da yawa suna da wuta iri biyu a ɗaki ɗaya, mai ƙarfin volt 127 da mai 220, wani lokaci bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne. Tsohuwar kwamfuta kuma tana da wani ɗan jan maɓalli a baya kusa da inda wayar wuta ke shiga, 115 ko 230. In yana kan 230 ka ba ta 127, ba za ta samu isasshiyar wuta ba. In yana kan 115 ka ba ta 220, sai dai ka ji tas da ƙauri. Kada ka taɓa maɓallin, kai dai mayar da ita tsohon soket ka gani. Mu da muka taso a Sudan wuta ta koya mana hankali, kafin yaƙin 2023 ina da shagon buga takardu a Wad Madani, kwamfuta huɗu da injin hoto, wutar da ke zuwa tana tafiya ta cinye min biyu, sauran biyun kuma na baro su can da makullin a aljihuna. Makullin yana nan har yanzu.

Maman Hanan (Madina):
Allah sarki Baba. Allah ya kawo zaman lafiya, ya mayar da alheri.

Injiniya:
Amin. Amma maganar wuta ba ta taso ba, tunda ya ce fanka na juyawa. Na zamani ma ba su da jan maɓallin, daga 100 zuwa 240 duk suna ɗauka da kansu. Ram ce na ce.

Na Mai Wurno:
Ɗana, a haraj aka saye ta tun kafin korona, ina ka ga zamani? Kuma juyawar fanka ba shaida ba ce cewa tukunyar wutar lafiya take, fanka ba ta cin komai.

Baban Walid (Jidda):
Tsohon soket yana ƙarƙashin mukayyif ɗin, bangon duk ya jiƙe, ba zan jona komai a can ba. To gaskiya akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Da na ɗauke ta na ga ƙura ta toshe ramukan gaba, kun san ƙurar Jidda da danshin teku, ta zama kamar auduga. Sai na buɗe gefen na sa injin busa na mai wankin mota da ke kusa da mu na hure ta sosai. Ban cire komai ba. Taimako na yi niyya, ƙurar ta kai shekara biyar.

Injiniya:
Kun ji ko! Me na gama faɗa yanzu? Ɗazu ka ce tsoron buɗewa kake. Injin mai wankin mota fa! Wannan iskar tana fitowa da ruwa-ruwa, ga ƙarfi, tana iya ture ram, ta ture katin hoto, ta zare ƙaramar wayar wuta mai ƙafa 4 ko 8 da ke kai wa furosesa wuta a saman bod. In wannan wayar ta zare, fanka za ta yi ta juyawa allo kuma baƙi, daidai abin da kake gani. Garin neman gira.

Baban Walid (Jidda):
Injiniya, buɗe murfi daban, zare kayan ciki daban. Kuma da na bar ta ruwan mukayyif ya zuba a ciki, da yanzu me za ku ce? Ni da nake wurin na san abin da na gani.

Ɗan Misfala:
To yanzu Injiniya ka koma maganar waya ke nan, ɗazu ram ce kaɗai. Kawu, yi wannan gwajin, ba sai ka buɗe komai ba. Kunna ta, jira minti biyu, danna Caps Lock a kibod ka ga ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. In tana yi, kwamfutar ta tashi, matsalar tana tsakanin rami da waya da allo. In ba ta yi, tun farkon tashi ta maƙale, a nan maganar Injiniya ta shigo. Kuma ba ka turo hoton ba har yanzu. Akwai talabijin a shagon? In akwatin yana da HDMI, gwada da ita.

Bakano a Ɗa'if:
Ni tawa batirin nan ne mai kama da kwabo da ke kan bod, CR2032, a baƙala, kantin unguwa, ma ana samu. Na cire na jira minti biyar na sa sabo ta tashi. Agogon taku yana ɓata lokaci?

Baban Walid (Jidda):
Ƙwarai kuwa, ta daɗe tana yi, kullum da safe sai na gyara kwanan wata kafin in buga rasit.

Injiniya:
Mutuwar batiri agogo take ɓatawa, ba kasafai take hana hoto ba. Kada ku ƙara rikita shi. Kowa ya taɓa gyara rediyon gidansu ya zama injiniya.

Bakano a Ɗa'if:
Ranka ya daɗe ni abin da ya faru da ni na faɗa, ban ce na yi shekara goma sha tara ba.

Malama Ummu Sultan (Makka):
Ku tsaya, duk kun bar inda gizo ke saƙa. Mutumin nan ba kwamfuta ce damuwarsa ba, lissafin mutane ne. Ɗan'uwa, lissafin yana kan hadis, wato hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfutar, kuma baƙin allo ba ya goge hadis. Ana iya zare shi a sa a ɗan akwatin USB a buɗe a wata kwamfutar, shagunan titin Khalid bin Walid suna sayar da irin akwatin. Abu ɗaya, in an kulle shi da BitLocker zai nemi lambar sirri mai alƙaluma 48, wadda yawanci tana cikin asusun Microsoft na wanda ya saita na'urar, wato dole sai Alhaji. Kuma duk wanda ya ce maka fomat, ɗauki kayanka ka fito. Ni a ganina ka kira Alhaji yau ka gaya masa, amanar mutane ce a ciki, gara ya ji daga bakinka.

Baban Walid (Jidda):
Malama na gode, amma ba ki san Alhaji ba. Mutum yana tsakiyar bikin 'yarsa in kira shi da wannan? Kuma in na zare hadis ɗin ai zai gane an taɓa, akwai wata takarda da ya manna a jikin murfin.

Maman Hanan (Madina):
To ba ka riga ka buɗe murfin ba? Ina takardar take yanzu?

Baban Walid (Jidda):
Ta ɗan yage kaɗan, na mayar da salatif.

Na yi gwajin Caps Lock, fitilar ba ta kamawa. Amma kibod ɗin ma tsoho ne, ban tuna ko da can tana kamawa ba. Talabijin babu a shago, ta gida kuma maman yara ba za ta bari in fita da ita ba. Bayan akwatin na leƙa, akwai wani rami fari a ƙasa mai faɗi, shuɗiyar wayar ba ta shigarsa.

Ɗan Misfala:
Farin nan DVI ne Kawu, katin hoto ke nan! Ashe akwai kati. Da can babu wani ɗan kai da ke tsakanin wayar da ramin? Duba ƙasan tsohon teburin, wataƙila ya faɗi lokacin da kake ɗaukewa.

Injiniya:
Ko ya samo shi ba za ta tashi ba, Caps Lock ya riga ya ba da amsa. Ni na gama magana. Ya goge ram ko ya jira Alhamis.

Na Mai Wurno:
Har yanzu ba wanda ya gwada soket.

Baban Walid (Jidda):
Yaron da ke mana shara ya ce jiya ya tsinci wani abu mai ƙusoshi ya sa a aljihun tebur, ko kuma ya zubar, bai tabbata ba.  An kira la'asar, in na dawo zan duba buhun shara. Injiniya, magogin fensir ɗin fari ko ja, ko duk ɗaya ne?