Rubuta manhaja ko netwokin: wanne ya fi riƙe mutum a bakin aiki?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a ilimin kwamfuta, an ce kowa ya zaɓi fanni. Hankalina ya fi karkata ga rubuta manhaja, amma korar ma'aikata da ake ta yi ta sa gabana faɗuwa. Shin netwokin, wato aikin haɗa kwamfutoci su yi sadarwa da juna, ya fi tabbas? A taimaka min da shawara.

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoronka ba na banza ba ne. Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 a Janairun 2023. Sai dai sun ɗebi ma'aikata fiye da ƙima lokacin korona, kuma korar ba ta tsaya kan masu rubuta manhaja kaɗai ba.

Falalar netwokin ita ce iliminsa ba ya saurin tsufa; tun 1983 ake tafiya kan TCP/IP, ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen sadarwa a intanet. In shi ka zaɓa, fara da CCNA, jarrabawar netwokin ta kamfanin Cisco mai lamba 200-301, takardarta na aiki shekara uku. Sauke Packet Tracer, manhajar gwada haɗa na'urorin netwokin a kan kwamfuta, kyauta ce. A cikinta haɗa rauta biyu da suwic uku (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da kai bayanai tsakaninsu), raba VLAN uku (rukunonin kwamfutoci da aka keɓe a kan suwic), kunna OSPF (tsarin da rauta ke bi wajen zaɓar hanya), sannan ka ɓata saitin da gangan ka gyara. Rarraba adireshin IP kuwa, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, ka iya shi da biro da takarda. Masu haddace amsoshi a ganawar neman aiki asirinsu ke tonuwa: a ce kwamfutoci biyu sun ƙi magana da juna, mutum ya kasa duba ko mashigar suwic ɗin da aka jona kwamfutar tana VLAN ɗin da ya dace.

Zainab: Yaya Rabi'u ya yi gaskiya, amma kada a ɓoye wa Aminu wahalar. Mai netwokin ana tashinsa cikin dare, kuma kuskure ɗaya kan tsayar da komai. Ranar 4 ga Oktoban 2021, matsalar saiti ta janye hanyoyin BGP na Facebook, wato hanyoyin da sauran intanet ke bi su isa gare shi, ya ɗauke kusan awa shida. Kuma kamfanoni na kwashe sabobinsu (manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukansu) zuwa AWS da Azure, dandalin hayar sabobi na Amazon da Microsoft, aikin saita na'ura ɗaya-ɗaya da hannu yana raguwa. Ka haɗa da harshen rubuta manhaja na Python da Ansible, manhajar saita na'urori kai tsaye, domin da su ake saita suwic ɗari a lokaci guda.

Malam Sani: Aminu, ni dai na ce ka bi inda zuciyarka take. Guraben manhaja sun fi yawa, amma ƙofar shiga ta yi ƙunci, tunda ƙirƙirarriyar basira tana rubuta ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga. Abin da ke riƙe mutum shi ne SQL (harshen rumbun bayanai), Git (manhajar bin sawun canje-canjen da aka yi wa manhaja), tsarin adana bayanai, da iya gano kuskure a manhajar da wani ya rubuta. COBOL, harshen rubuta manhaja, tun 1959 yake, har yau bankuna na neman masu kula da shi. Kafin ka gama karatu, gina manhaja ɗaya, ka ɗora ta kan saba ta Linux, ka saita DNS (tsarin mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP) da katangar tsaro da hannunka. A nan za ka ga ɓangaren da ba ka gajiya da shi.